Ƙaramin Gari a Takardun Hukuma: Tarihin Jama'a, Ƙasa da Hanyar Lugu

Gabatarwa

Duk lokacin da ma'aikatar yaƙi da jahilci za ta buɗe aji a wani ƙauye, tambayoyi uku ake fara yi: mutum nawa ke zaune a garin, ina iyakar ƙasarsa, kuma ta wace hanya ake isa gare shi. Amsoshin sukan zo a jere cikin jadawali, har mai karatu ya ɗauka haka aka taras da su tun fil'azal. Alhali kuwa kowace lamba tana da tarihinta, akwai wanda ya fara rubuta ta, akwai kuma bukatar da ta sa ya rubuta. Wannan bincike ya ɗauki Lugu, ƙaramin gari na ƙasar Arewa, cikin ƙaramar hukumar Dankasari, gundumar Dogon Dutsi, jahar Doso, domin ya bi diddigin waɗannan ma'aunai tun daga ƙarshen ƙarni na 19. Dalilin zaɓen Lugu shi ne sunansa ya kai nesa ƙwarai cikin tarihi, amma a takardun mulki layi ɗaya ne tsakanin dubban layuka, kamar sauran ƙauyukan da kwalta ba ta ratsa ba.

1. Lugu kafin zuwan Nasara

Bisa ga labarun baka na ƙasar Arewa, Lugu yana cikin tsofaffin garuruwan Gubawa, wato ƴan ƙasa waɗanda suka riga kowa zama. Ana cewa Sarauniya ta farko daga Daura ta taso, kuma dutsen shari'a da ake kira Tunguma shi ya nuna mata wurin da za ta sauka. Ita da Baura na Bagaji su ke riƙe da al'amuran ƙasa da na tsafi, Sarkin Arewa kuwa, wanda zuriyarsa ke danganta asalinta da Barno, yana Matankari da sarautar yaƙi da mulki. Marc-Henri Piault ya tattara yawancin waɗannan labaru cikin littafinsa na tarihin Mawri wanda ya fito cikin shekara ta 1970.

A wancan zamani ba da yawan kawuna ake auna girman gari irin Lugu ba. Ana auna shi da yawan garuruwan da suka fito daga cikinsa, da nisan wuraren da mutane ke tasowa domin kawo ƙara gaban Tunguma. Sarauniya ba ta fita yawo, ita ake zo ma, saboda haka hanyoyin ƙafa da na jakai suka haɗu a ƙofarta. Nisa kuwa da yini ake faɗinsa, ko da zango, kuma rijiyoyi su ke tsara inda hanya za ta bi, domin ayari ba ya kwana inda babu ruwa.

2. Shekara ta 1899 da yadda hanya ta kauce

A ran 14 ga watan Yuni na 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu a wata yarjejeniya wadda ta zana rabin da'ira mai nisan mil 100, wato wajen kilomita 160, kewaye da Sakkwato, aka bar ma Ingila abin da ke cikinta. Dogon Dutsi da Ƙonni da ƙasar da ke tsakaninsu duk suka faɗa cikin wannan da'ira. Duk da haka rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta taso daga bakin kogin Kwara a farkon 1899 tana nufin tabkin Cadi, ta kutsa ta nan, domin nan ne ake samun rijiyoyi da hatsi. A tsakiyar watan Afrilu ta auka ma Lugu. Mutanen Sarauniya suka tare ta da kibau, suka janye cikin kurmi, aka ƙone garin. Takardun rundunar sun rubuta cewa an kashe mata mutum 4, an raunata 6. Waɗannan suna cikin lambobin farko da aka rubuta game da Lugu, kuma asarar maharan suke ƙirgawa. Daga nan rundunar ta yi ɓarna mai yawa a Ƙonni cikin watan Mayu. A ran 14 ga Yuli ta kashe Kanar Klobb a Dankori, sa'an nan sojojinta suka kashe Chanoine da Voulet a ranakun 16 da 17 ga wata a wajen Maijirgi.

Bayan an ci Damagaram a ƙarshen Yuli na 1899, Faransawa suka ga ba su da hanyar kirki tsakanin kogi da sabon sansaninsu. Tilas ayarinsu ya riƙa zagayawa ta arewa, ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi ke da nisa da juna. Wannan matsala ita ta kawo yarjejeniyar ran 8 ga Afrilu na 1904 da ta ran 29 ga Mayu na 1906, waɗanda suka tura iyaka kudu, kuma tawagar Tilho ta bi ta kafa alamunta a ƙasa daga 1906 zuwa 1908. Da haka aka samu hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa da Tasawa har Damagaram, tafiyar wajen kilomita 900. Da aka mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai cikin 1926, sai ta ƙara zama ƙashin bayan mulki. Ita ce asalin hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda aka yi ta shimfiɗa ma kwalta kashi-kashi bayan samun mulkin kai.

Abin lura a nan shi ne, bukatar haɗa barikin soja da barikin soja ita ta zana wannan hanya. Garin da ya dace da layin ya samu kasuwa da tasha, daga baya ya samu makaranta da ofis. Dogon Dutsi ya karɓe matsayin Matankari. Dankasari da Maijirgi, waɗanda hanyar ta ratsa, su suka zama mazaunin ƙananan hukumomi sa'ad da dokar 2002 ta kafa guda 265 a faɗin ƙasa. Lugu kuwa ya saura a gefe, sai an sauka daga kwalta an bi turbar ƙasa kafin a kai gare shi.

3. Ƙidayar jama'a

Ƙidayar farko da ƙauyukan Hausa na Nijar suka sani ta haraji ce, wadda talakawa ke kira lanho. Kwamanda ko wakilinsa yakan fito rangadi da tafinta da gardi, a tara mutane a ƙofar maigari, kowane mai gida ya faɗi iyalinsa da dabbobinsa. Daga wannan littafi ake yanka kuɗin da gari zai biya, daga cikinsa ake zaɓen samarin da za a kai soja, da waɗanda za a tura aikin tilas, wanda yawancinsa sharar hanya ne da ɗaukar kaya da gina bariki. Ba a soke aikin tilas ba sai da dokar ran 11 ga Afrilu na 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny.

Ke nan wanda aka rubuta sunansa ya shiga cikin masu biya, wanda aka manta da shi ya huta. Mai gida yakan rage yawan ƴaƴansa, ko ya rage musu shekaru, ko ya tura saurayi daji da awaki ranar da baƙi za su zo. A garuruwan da ke kusa da iyaka, kamar na Arewa da Ƙonni da Katsinar Maraɗi, akwai wata mafita, wato ƙetarawa ƙasar Ingilishi har ƙura ta lafa. A yunwar 1931, wadda fara ta haddasa a yammacin ƙasa, an ci gaba da neman haraji bisa ga tsofaffin littattafai, jama'a da yawa suka gudu Nijeriya. Saboda haka lambobin wancan zamani sukan kasa gaskiya, kuma tsoron alƙalamin mai ƙidaya ya daɗe a zukatan mutanen karkara bayan dalilinsa ya wuce.

Binciken kimiyya na farko an yi shi ne daga 1959 zuwa 1960, ta hanyar zaɓen wasu garuruwa a auna da su, kuma a lokacin samun mulkin kai ana ƙiyasta jama'ar ƙasa wajen miliyan 3. Ƙidayar gama-gari ta farko an yi ta cikin 1977, ta ba da mutum miliyan 5 da dubu 100 da ɗoriya. Ta 1988 ta ba da wajen miliyan 7 da dubu 250, ta 2001 ta ba da miliyan 11 da ɗoriya, ta 2012 kuwa ta ba da 17.138.707. Tsakanin biyun ƙarshe jama'a ta riƙa ƙaruwa da kashi 3,9 cikin 100 kowace shekara, abin da ke nufin ninkawa cikin shekara 18 ko kusa da haka. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka ƙirga a 2012 a karkara suke zaune.

Ga ƙaramin gari, matsaloli biyu suka saura ko da ƙidaya ta inganta. Ta farko ta suna ce. Bahaushe yana bambanta gari da ƙauye, da tunga, da unguwa, da ruga, da zango. Hukuma kuwa tana da nata rabo: garin da ke da maigari wanda ta amince da shi, sa'an nan tungayen da ke ƙarƙashinsa, da mazaunin makiyaya, da bakin rijiya. Tunga tana iya yin nisan tafiyar sa'a biyu da uwar garinta, tana iya ma fin ta jama'a, amma harajinta da sunanta suna can wajen maigari. Idan a wata ƙidaya an haɗa tunga da uwar gari, a wata kuma an raba su, mai kwatanta lambobin zai ga gari ya ragu ko ya kumbura alhali babu wanda ya tashi. Gari tsoho irin Lugu, wanda zuriyarsa ta bazu ta kafa wasu garuruwa, shi ya fi shiga wannan ruɗani, domin masu kiran kansu mutanensa sun fi masu kwana cikinsa yawa nesa ba kusa ba.

Matsala ta biyu ta lokaci ce. Ƙidaya tana rubuta mazaunin gida ko yana nan ko ya yi ƴar tafiya. A Adar da Arewa kuwa, da zarar an gama girbi, samari da magidanta da yawa sukan tafi cin rani Yamai, ko Nijeriya, ko bakin teku, ba su komowa sai gab da shuka. An yi ƙidayar 2001 cikin Mayu da Yuni, ta 2012 cikin Disamba, kuma ko wace aka ɗauka, lambar da ke takarda ta fi yawan mazan da za a iske a dandali cikin watan Fabrairu.

4. Faɗin ƙasa

A Faransa, tun da aka kafa littafin awon filaye cikin 1807, kowane ƙauye komi ƙanƙantarsa yana da faɗin ƙasa a rubuce. Littafin sunayen garuruwan Nijar da aka fitar daga ƙidayar 2012 yana ba da yawan maza da mata da gidaje da matsayin gari a taswira, wato ɗigo guda, ba ya faɗin hekta nawa gari ya mallaka. Wannan rashi yana da asali.

Manomin Hausa ya san ƙasarsa sarai, amma da wani ma'auni dabam. Yana faɗin girman gona da yawan damman hatsin da take bayarwa, ko da tiyar irin da take ci. Iyaka tsakaninsa da maƙwabci ita ce layin gamba, ko wata bishiya, ko shingen aguwa a gefen burtali. Ya raba ƙasa bisa ga halinta: jigawa, geza, fadama. Ya raba ta kuma bisa ga haƙƙi: gandu na gida duka, gamana ta mace ko ta saurayi, saura wadda aka bari ta huta. Bayan gonaki sai daji, wanda ba shi da iyaka tsayayya, kuma a ƙasar Arewa izinin saran sabon wuri yana hannun ƴan ƙasa waɗanda kakanninsu suka fara ƙulla alkawari da iskokin wurin. Binciken Guy Nicolas a kwarin Maraɗi da na Claude Raynaut a Sumarana sun nuna irin wannan tsari a gabas.

Dokokin mulkin mallaka ba su karɓi wannan ma'auni ba. Dokar 1904 ta ce ƙasar da babu kowa a kanta kuma ba ta da mai ita ta hukuma ce, alhali saura da makiyaya suna da masu su ko da ba a ga kowa a kansu ba. Dokar 1932 ta sake tsara hanyar rajistar fili, amma kusan a birane kaɗai aka bi ta. Bayan mulkin kai, dokar watan Mayu na 1961 ta ja iyakar noma ta arewa domin kare makiyaya. Cikin Disamba na 1974 Shugaba Seyni Kunce ya yi shelar cewa gona ta mai noma ta ce, abin da ya sa masu ba da aron gona suka shiga karɓe kayansu don tsoron kada su rasa.

Muddin daji yana nan, rashin awo bai cuci kowa ba. Amma lissafin ƙasa baki ɗaya yana ɓoye ƙuncin kudu. Nijar tana da murabba'in kilomita 1.267.000, wanda ya ba da mutum 13 zuwa 14 a kowane murabba'i cikin 2012. A jahar Agadas, wadda ta ɗauki fiye da rabin ƙasar, ba a kai mutum 1 ba, a jahar Maraɗi kuwa an kai wajen 80. Da jama'a ta ninka, gonakin wannan gari suka haɗu da na wancan, saura ta ƙare, burtali ya tsuke. Abin da ya auku a Toda ta jahar Maraɗi cikin Oktoba na 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara, ya nuna tsadar iyakar da ba a daidaita a kanta ba. Dokar ran 2 ga Maris na 1993, wadda ta kafa ginshiƙan tsarin ƙasar karkara, ta amince da haƙƙin gargajiya daidai da na takarda, ta kuma kafa kwamitocin filaye, masu ba da shaidar saye da gado da aro da jingina. Dokar 2010 ta ƙara kare haƙƙin makiyaya. Daga nan takarda ta shiga sha'anin gona, kuma wanda bai iya karatu ba yana dangwala yatsa a kan abin da wani ya karanta masa.

5. Nisa da sufuri

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ya kai Ƙaurar Namoda cikin 1929, ya kai Nguru cikin 1930. Ta waɗannan tashoshi gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa fita, a kan raƙuma da jakai da farko, daga baya a motoci. Cikin 1953 Faransawa suka shirya jigilar da ta karkata wani kashi zuwa Paraku da Kwatano ta Dahomai. Kasuwannin awon gyaɗa a bakin hanyar mota aka kafa su, kuma hukumomin da aka ƙirƙiro cikin 1962 domin sayen gyaɗa da ba manoma bashi sun bi wannan sawu. Haka nan a farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, taimakon abinci ya fara sauka inda babbar mota ke iya tsayawa, mutanen lungu suka taso da ƙafa suka zo nema, wasu ba su koma ba.

Kilomita ba ta faɗin duk gaskiyar nisa. Turba guda tana iya zama tafiyar rabin sa'a a kan babur da rani, ta zama ta yini da damina idan kwari ya kawo ruwa, ko yashi ya hana amalanke wucewa. Ga yawancin ƙananan garuruwa motar haya ranar kasuwa kaɗai take shigowa, sauran kwanaki sai jaki da amalanke da kabu-kabu. Wayar hannu, wadda ta bazu a karkara tun shekarun 2000, ta rage nisan labari, amma mace mai naƙuda da buhun hatsi da malamin da aka turo har yanzu turbar nan suke bi.

6. Abin da ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci

Tun farkon shekarun 1960 da aka kafa aikin koyar da manya a Nijar, kuma tun taron Bamako na 1966 da ya tsara rubutun harsunan ƙasa, da rani ake buɗe azuzuwa, domin lokacin ne aikin gona ya sauka. Tarihin da aka bi a sama yana nuna wurare huɗu da jadawali ke iya ɓad da mai tsari.

Na ɗaya, idan an sa sharaɗin yawan jama'a kafin a buɗe aji, tungayen da aka rubuta ƙarƙashin wani gari ba za su bayyana ba, kuma ƙananan garuruwa uku ko huɗu da ke shan rijiya ɗaya ko cin kasuwa ɗaya za su faɗi ɗaya bayan ɗaya, alhali a haɗe sun isa aji. Na biyu, lambar ƙidaya ba ta nuna wanda ke gari da rani, kuma a ƙasashen cin rani mata da tsofaffi da yara su ne mafi yawan masu saura, saboda haka lokacin darasi da abin da ke cikin littafi ya kamata su dace da su. Na uku, ya kyautu takardar bincike ta tambayi nisa da sa'o'in tafiya, rani dabam damina dabam, da ranar da mota ke shigowa, domin da wannan ne za a san ko mai duba azuzuwa zai iya zuwa. Na huɗu, tun da shaidar gona ta koma takarda, karanta ta da lissafin hekta da dami da tiya sun cancanci shiga darasi, kuma wannan yana bukatar masana harshe su daidaita kalmomin filaye, su tattara yadda ake faɗinsu a Arewa da Adar da Gobir da Damagaram, tun da gamana ta wani wuri gayauna ce a wani.

Kammalawa

Littafin Abdullahi Mamani mai suna Sarraounia ya fito cikin 1980, fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa ya fito cikin 1986 ya kuma ci babbar kyautar bikin Wagadugu cikin 1987, har sunan Sarauniya ya hau makarantu da gidajen rediyo. Wannan suna bai matso da kwalta kusa da Lugu ba, domin hanyar da ta kauce masa an zana ta tun yarjejeniyar 1904 da 1906. Ƙananan garuruwan da ba su da ko irin wannan suna sun fi shi saurin ɓacewa daga lissafi. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Mai binciken da zai cika layin wani ƙauye a jadawali yana bukatar lambar ƙidaya a hannu ɗaya, sa'an nan ya zauna da maigari da matan garin ya tambaye su tungayensu nawa, su wa suka tafi cin rani bana, ina gonakinsu suka tsaya, kuma wane wata ne turba ke yankewa.